Daga Agadasawa zuwa Gadufawa: Yadda Aka Tono Dabbobin Dauri

A cikin ganuwar Kano akwai unguwar da ake kira Agadasawa, kuma ba a banza ta samu sunan ba. Shekaru ɗaruruwa ayarin raƙuma ke saukowa daga Azbin da kantun gishirin Bilma da dabino, a sauke a zango, kaya su shiga Kasuwar Kurmi, sannan raƙuman su juya arewa ɗauke da gero da turkuɗin Kura da jar fata da takalma. Tarihin Kano ya ajiye cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa saboda zuwan Abzinawa. Irin wannan ayari Heinrich Barth ya biyo, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya ratso Damargu da Tasawa da Katsina, ya shigo Kano a farkon Fabrairun 1851. Mutum ne mai bin diddigi: ya rubuta farashin kaya da wuri, ya ƙiyasta yawan mutanen birni, ya hau Dala ya zana unguwanni. Abin da ya wuce shi, kuma babu madugun da zai nuna masa, shi ne ƙasar da raƙumansu suka taka kudu da duwatsun Azbin tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Afirka tarin ƙasusuwan dainoso. Ba za a ga laifinsa ba. Sunan dabbobin ma a lokacin shekararsa tara kacal, don a 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro shi a Ingila.

Kano kanta ba ta da rabo a irin wannan taska, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse wanda wuta da matsi suka dafa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, sai marmara a samansa, irin wadda ta rufe kan Dala da Gwauron Dutse, inda mutanen farko suka riƙa samun tama. Ƙashi ba ya tsira a irin wannan dutse. Kafin ƙashi ya daɗe har ya zama dutse, sai dabba ta mutu a bakin kogi ko a ƙasan ruwa, taɓo ko rairayi ya rufe ta da wuri kafin kuraye da rana su gama da ita, sannan ruwan ƙasa ya yi ta tsattsafowa yana cika ramukan ƙashin da ma'adini. Irin wannan shimfiɗaɗɗen dutse na laka da rairayi yana arewa da yamma da mu, a wani makeken kwari da ya taso daga Sakkwato ya haɗa Adar da Azawak har gindin Azbin, wanda masana duwatsu suka sa wa sunan Iwillimmeden, ɗaya daga cikin manyan rassan Buzaye.

Mutanen da ke zaune a kan wannan kwari ba makafi ba ne. Makiyayi ya sha cin karo da jerin ƙashin baya wanda kowace gaɓa ta fi turmi, ya kuma nema masa bayani da abin da ya sani. Bahaushe in ya ga abin da ya fi ƙarfin mutumin yau, sai ya ce aikin Samudawa ne. In ya tsinci gogaggen dutse a gona bayan ruwan sama, ya ce gatarin aradu ne. Buzayen Ingal kuwa suna da wata halitta a labarunsu mai suna Jobar, ita suke danganta wa manyan ƙasusuwan da iska ke tonewa.

Waɗanda suka fara kwasar abin suna aikawa Turai ba nemansa suka zo yi ba, kuma wannan hali zai yi ta maimaituwa. A shekarun 1903 da 1904 hafsoshin Ingila da Faransa suna yawon shata iyaka tsakanin abin da zai zama Najeriya da Nijar, sai suka riƙa tsintar bawon katantanwa da na wasu halittun teku a tsandaurin ƙasar Adar, wajen Tamaske. A 1904 F. A. Bather na gidan tarihin Landan ya yi rubutu a kan wasu daga ciki. Halittun ruwan gishiri ne, a wurin da teku mafi kusa ke nesa da fiye da kilomita 800. J. D. Falconer, wanda ya zagaya Arewa a kan doki yana binciken ma'adinai, ya fitar da littafinsa a kan duwatsun Arewacin Najeriya a 1911, sannan a 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya. Damuwar ma'aikatanta a Lardin Sakkwato ita ce ruwan sha da rijiyoyi. A cikin wannan yawo ne suka tattaro ƙasusuwa daga wajen Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi, da tuddan da ke kewaye.

Ƙasusuwan sun faɗa hannun mutane daban-daban. A 1925 wani basaraken Hangari mai suna Franz Nopcsa ya duba kashi na farko. Mutum ne mai ban mamaki, wanda ban da ilimin ƙasusuwa har sarautar ƙasar Albaniya ya taɓa nema. A 1930 W. E. Swinton ya fitar da cikakken bayani a kan dabbobi masu jan ciki na Lardin Sakkwato, ciki har da kadoji masu dogon baki da wani ƙaton ƙadangaren teku. Errol White ya bi baya da kifaye a 1934. Daga nan hoton ya fara fitowa: akwai zamanin da wani siririn teku ya ratsa Sahara daga arewa, ya malalo ta Mali da Nijar ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato, ya ja baya, ya sake dawowa.

Abin da ya sa duwatsun Sakkwato ke da daraja shi ne sun riƙe shafi biyu na labari ɗaya. Shimfiɗar da ake kira ta Dukamaje ta kwanta ne gab da babbar halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a yankin Meziko na yau. A cikinta ake samun ƙadangarun teku. Shimfiɗun Dange da Kalambaina sun zo bayan halakar, kuma a cikinsu babu ƙadangaren teku ko ɗaya, amma ga kadoji da kififfiya da kifaye sun ci gaba da harkarsu. Mai tafiya daga Goronyo zuwa Sakkwato yana tsallake wannan iyaka bai sani ba. Farar ƙasar Kalambaina kuwa, wadda tarin bawon halittun wancan teku ne, ita kamfanin siminti na Sakkwato ke fasawa yana ƙonawa tun shekarun 1960. Duk ginin da aka yi da wannan siminti, da ragowar tekun aka yi shi.

Daga ƙarshen shekarun 1960 wata tawaga daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, ta yi aiki a gundumar Goronyo, ta samu kan ƙadangaren da Swinton ya gani gutsi-gutsi. Sai ga shi ya bambanta da danginsa na sauran duniya: baki dogo siriri irin na kada, idanu ƙanana, haƙora masu shiga tsakanin juna, alamar dabbar da ke farauta a gurɓataccen ruwan gaɓa. A 1972 suka ba shi suna Goronyosaurus nigeriensis. Beverly Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya ƙara da wani kada mai suna Sokotosuchus a 1975. A wannan zamani ne kuma aka fara jin muryar 'yan ƙasa a fagen, musamman Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya bi shimfiɗun kwarin Sakkwato ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su.

A tsallaken iyaka labarin ya fi girma, don can ƙasar tudu ce mai koguna a zamanin dainoso. Wani limamin coci Bafaranshe, Albert-Félix de Lapparent, ya yi ta kai da komo a Sahara tun daga 1946, sau da yawa a kan raƙumi, ya tattara abin da ya samu a Ingal da sauran wurare a wani littafi a 1960. Amma babbar ƙofa yuraniyom ne ya buɗe ta. Faransa na neman makamashin nukiliya, masu bincikenta suka bazu a yamma da kudancin Azbin, neman da ya kai ga haƙar Arlit. A wani fili da Buzaye ke kira Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas a bakin Tenere, suka tarar da ƙasusuwa shimfiɗe a kan rairayi tsawon fiye da kilomita 100. Suka aika Paris a turo wanda ya san abin. Wanda aka turo a ƙarshen 1964 saurayi ne ɗan shekara 24, Philippe Taquet.

Abu biyu suka ɗaukaka sunansa. Na farko kada ne wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Shi da France de Broin suka sa masa suna Sarcosuchus imperator a 1966. Na biyu dabba ce mai cin ganye, tsawonta wajen mita bakwai, mai dogayen ƙasusuwa a tsaye a gadon baya, waɗanda har yau ana gardama ko tozo suka riƙe ko wata shimfiɗar fata ta rage zafi. An tono ta a 1966, aka shekara goma ana nazari kafin a kira ta Ouranosaurus nigeriensis a 1976. Bayan an gama da ita a Paris an mayar da ƙasusuwan Yamai, gidan tarihin ƙasa da yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, inda kuma aka ajiye kututturen Bishiyar Tenere da wata mota ta kayar a 1973. Wata Ouranosaurus ɗin tana Banis ta Italiya.

Sai aka yi shiru na ɗan lokaci, har zuwan Paul Sereno na Jami'ar Shikago a 1993. Lokacin bai dace ba ko kaɗan, don tawayen Abzinawa na ci, kuma tawagar ta ratso hamada ne da motoci ta Aljeriya. Duk da haka a kusa da Ingal suka samu wani mafarauci mai tafiya da ƙafa biyu, wanda aka sanar a 1994 da sunan Afrovenator. Bayan sulhun 1995 suka koma a 1997, kuma wannan tafiya ce ta cika musu buhu. Daga Gadufawa suka fito da Suchomimus, mai tsawon mita 11, bakinsa irin na masu kamun kifi, da ƙatuwar ƙumba a babban yatsa. Daga gindin tudun Tigidi kuma suka fito da wata ƙatuwa mai dogon wuya, tsawonta ya haura mita 18, kusan duk ƙasusuwanta a cike. Wani shugaban Buzaye ne ya nuna musu wurin, kuma da aka zo suna a 1999 sai aka koma ga tsohon labarin mutanen wurin aka kira ta Jobaria. Wannan karamci ne, sai dai ƙarami ne in aka auna shi da gudummawar masu nuna hanya, waɗanda ba don su ba da yawancin tawagogin nan sun yi ta zagaye a rairayi har mai ya ƙare.

Aikin kansa ba na masu gaggawa ba ne. Ana share rairayi da tsinke da buroshi, a ɗiga gam a kan ƙashin don kada ya ruguje, a haƙa rami a kewaye, sannan a naɗe shi da tsumman buhu da aka tsoma a filasta, kamar yadda maɗori ke ɗaure karaya da karare. In ya bushe a kifa shi, a naɗe ɗaya gefen, a ɗora a mota. Ƙunshi ɗaya kan kai nauyin da sai mutum goma sun taru. A ɗakin bincike kuma a shekara ana cire dutse daga jikin ƙashi ɗaya.

A ganina dabbar da ta fi duka ban sha'awa ita ce Nigersaurus taqueti, wadda Taquet ya fara ganin gutsattsarinta, Sereno ya sa mata suna a 1999. Tsawonta mita tara ne kawai, ƙarama a cikin danginta. Bakinta shimfiɗaɗɗe ne, ya fi sauran kan faɗi, haƙora jere a gaba a layi ɗaya, kuma bayan kowane haƙori akwai wasu a jere suna jiran gado, jimilla fiye da 500. Bincike ya nuna kowane haƙori kan sauya cikin kusan mako biyu, saboda tana kiwo ne a ƙasa, tana haɗawa da rairayi mai cinye haƙori. Ƙashin kanta sirara ne har haske kan ratsa wasu, shi ya sa sai a 2007, da taimakon na'urar hoton asibiti, aka iya haɗa siffarsa. Ita da Suchomimus da Sarcosuchus sun rayu tare a bakin manyan koguna kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce.

Lissafin shekarun nan ba wahayi ba ne, kuma masu yin sa sukan gyara. Da farko an ce Jobaria ta shekara miliyan 135. A 2009 wasu masana suka sake duba shimfiɗar da aka same ta suka mayar da ita baya da kusan shekara miliyan 30. Sarcosuchus ma da tawagar Sereno ta samu ƙarin ƙasusuwansa a 2000 an ce ya kai mita 12 da nauyin tan takwas, daga baya wasu suka rage shi zuwa mita tara da 'yan kai. Ko a hakan, ba kadan da za a yi wanka kusa da shi ba ne.

A wannan tafiya ta 2000 ne mai ɗaukar hoton tawagar, Mike Hettwer, ya hau wani tudun rairayi a Gobero ya tarar da ƙasusuwan mutane. Da aka dawo tono daga 2005, tare da masanan Nijar irin su Oumarou Idé, sai aka gane maƙabarta ce mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Al'umma biyu suka zauna a wurin, ta farko daga kimanin shekara 9,700 da suka wuce, ta biyu bayan wani dogon fari. Sun bar ƙugiyoyi da masun ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada, a tsakiyar Tenere. A 2009 kuma Jamusawa da Sifaniyawa suka sanar da wata mai dogon wuya, Spinophorosaurus, daga kusa da Adarbisanat, garin da duk motar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas sai ta ratsa.

To, ina labarin nan ya shiga a bakin Hausawa? Tambayar tana da wuri, don Bahaushe ba ya barin sabon abu ya wuce bai sa shi a waƙa ba. Tun kafin boko malamai na tsara lissafin taurari da manzilolin damina a baitoci don almajiri ya haddace. Mu'azu Haɗeja ya yi wa ilmin zamani waƙa, Aƙilu Aliyu ya yi Kadaura Babbar Inuwa a kan ilimi, kuma a farkon shekarun 1970 mawaƙan Kano, ciki har da 'yan ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin, sun bi komawa tuƙi a hannun dama da zuwan naira da kwabo da baitoci a rediyo. Kimiyyar sararin sama ma ta samu rabonta. A farkon shekarun 1960 Kano na da tashar da hukumar NASA ta kafa don bin sawun kumbunan Amurka, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ke kewaya duniya, ya yi magana da ita yana ba da labarin ƙurar da yake hangowa a kan hamada. Lokacin hunturu ne. Da aka sauka a wata a Yulin 1969, Mamman Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa, kalangu ya kai labarin inda jarida ba ta zuwa.

Abin lura shi ne a daidai shekarun da Shata ke waƙar kumbo, Italiyawa na tone Goronyo, Taquet na tone Gadufawa. Wata yana nesa da mu kilomita 384,000, Goronyo tafiyar yini ce daga Kano, amma na nesan ne ya samu kiɗa. Dalilin a fili yake. Labarin kumbo ya zo ta rediyo da majigi da Hausa, kowa ya ji, kowa na iya ɗaga kai ya dubi watan. Labarin ƙasusuwa ya tafi a akwati, ya fito a mujallun masana da Faransanci da Ingilishi da sunayen Latin. Mawaƙi ba ya wasa abin da bai gani ba kuma jama'arsa ba su ji ba. A wasu wuraren zumuncin waƙa da wannan ilimi har ya juya: ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka samu a Habasha a 1974 ya ci sunan Lucy ne daga wata waƙar mawaƙan Beatles da ake ta sawa a sansanin masu tonon, wani dainoso na Madagaska kuma aka sa masa sunan makaɗin jita Mark Knopfler a 2001. A Amurka ƙungiyar They Might Be Giants ta yi wa yara faifai sukutum a kan kimiyya a 2009, har da waƙar mai tonon ƙasusuwa. Dabba mai haƙori 500 da kada mai tsawon motar haya ba su rasa abin kirari ba. Masu kirarin ne ba a gabatar musu da su ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun fara karɓe ragamar. Ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka sa wa suna Tumai, wanda ya kai shekara miliyan bakwai, ɗan Chadi ne Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinto shi a 2001. A Masar, Hesham Sallam ya kafa cibiya a Jami'ar Mansura, shi da ɗalibansa, yawancinsu mata, suka tono dainosonsu suka sanar da shi a 2018 da sunan garinsu. A Nijar, tafiyar Sereno ta 2022 ta kwaso ƙasusuwa tan 55, bisa alkawarin za a mayar da su, kuma akwai shirin gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas. Juyin mulkin Yulin 2023 da taɓarɓarewar tsaro sun sa komai tafiyar hawainiya. Ko ba komai, yaron Yamai na iya zuwa gidan tarihi ya tsaya a gaban dainoson ƙasarsu.

A wannan gefe na iyaka abin ya fi rauni. Gabashin Sakkwato, inda Goronyo da tuddan Dukamaje suke, yana cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba, ba wurin da malami zai kwashi ɗalibai ya kai su tono ba ne a yanzu. Gidan Makama a Kano na nuna ƙofofin birni da kayan yaƙi da tarihin sarauta, wanda shi ne aikinsa. Kwafin ƙashi kuwa ba abu ne mai wuya ba a yau: ana ɗaukar hotonsa da na'ura, a zuba shi da roba, a aika ko'ina, kuma da haka gidajen tarihin duniya da yawa suka samu Suchomimus da Jobaria. Abin da Swinton ya duba a 1930 yana Landan. Kan Goronyosaurus yana Fulorens, kuma Basakkwacen da ke son ganinsa sai ya fara da neman bizar Italiya.